Abin da tsagewar 'yan kunne ta koya mini game da akirilik

Lokacin da na fara yin 'yan kunne da abin wuya da akirilik, wato wata irin roba mai tauri da ake gani ta cikinta, na ɗauka gilashi ne marar nauyi kawai, domin yana barin kusan kashi 92 cikin ɗari na haske ya ratsa shi, nauyinsa kuma bai wuce kusan rabin na gilashi ba. Wannan rashin nauyin ne ya ja hankalina, tun da babban ɗan kunne mai kaurin milimita 3 ba ya jan fatar kunnen mai sa shi. Kayan ma ba sabo ba ne: kamfanin Otto Röhm na Jamus ya yi masa rajista da sunan Plexiglas a 1933, an yi tagogin jiragen yaƙi da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma kayan ado na Lucite, wani sunan kasuwa na akirilik, suka yi tashe a Amurka.

Na fara gane kuskurena ne ranar da aka dawo mini da wasu 'yan kunne da na yanka da na'urar leza, gefunansu sun cika da ƙananan tsagewa kamar saƙar gizo-gizo, alhali ba su faɗi ƙasa ba, ba a kuma taka su ba. Sai da na yi ta tambaya kafin na fahimci cewa turare ne ya taɓa su. Leza tana yanka ne da zafi, gefen ya narke ya kuma huce da sauri, sai a bar wani ɗauri a cikin robar wanda ido ba ya gani. Da zarar alkohol ɗin da ke cikin turare ko abin goge hannu ya sauka a wurin, sai ɗaurin ya kwance ta hanyar tsagewa. Ni kaina da alkohol nake goge kayan kafin na naɗe su, wato da hannuna nake fara lalata su. Yanzu ruwa da sabulu kaɗai nake amfani da su, kuma duk abin da na yanka sai na gasa shi a zafi na kusan digiri 80 na wasu sa'o'i, na bar shi ya huce sannu a hankali.

Daga nan na fara lura cewa yawancin asarata daga zafi take fitowa. Akirilik iri biyu ne, akwai wanda ake zubawa a mazubi, akwai kuma wanda inji ke turowa falle-falle. Na biyun ya fi araha, amma yana saurin narkewa ya manne wa bakin abin huda, zanen da aka yi a kansa kuma ba ya fitowa fari tas kamar na farkon. Na daina sayensa don kayan ado, ko da yake har yanzu ina gwada sabon zane a kansa.

Ramin da zoben ƙarfe ke shiga shi ne wurin da ɗan kunne ya fi karyewa. Ina huda shi a hankali, da katako a ƙarƙashi, ba tare da na cire takardar kariya da ke manne a jikin akirilik ɗin ba, ina kuma barin aƙalla milimita 2 tsakaninsa da gefe, ko da hakan zai ɗan rage wa zanen kyau. Gam mai saurin kamawa shi ma na ajiye shi, saboda tururinsa yana barin farin hazo a kan akirilik mai haske, wanda sai an sake gogewa da samfefa mai laushi da ruwa kafin ya fita.