Ba don Gizo ba

Talata. Wuta tun asuba ba ta dawo ba. Auta ya ƙone mini gefen hijabi da dutsen guga, wai gawayin ne ya yi tsalle. Na ƙyale shi.

Goggo ce ta hana ni barci.

Kun san satin nan na maƙale da tsofaffin labaran ƙasar Ayilan saboda darasin Alhamis. Bayan isha'i muna tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa, ta ce me nake ta ƙura wa ido a waya kamar mai duba. Na ce labarin kwasar shanu ne, Táin Bó Cúailnge sunansa. Ta ce to ba ni.

Na fara mata daga shimfiɗa, inda rigimar ta samo asali. Sarauniya Medb ta Connacht da mijinta Ailill suna hirar dare, ya ce mata ai tun da ta aure shi ta samu ci gaba. Ta ce wa? Aka fito da dukiya ana ƙirgawa: tukwane, zobba, tufafi, tumaki, dawaki, shanu. Komai kunnen doki, sai sa guda mai fararen ƙaho da ke garken miji. A garken ita sarauniyar aka haife shi ma, ya ƙi zama dukiyar mace, ya koma wancan. Nan Goggo ta ajiye tire. "Ji ɗan banzan sa!"

Sunan Medb ya gagare ta, sai ta raɗa mata Mero. To Mero ta aika arewa, yankin Ulster, a ara mata wani jan sa na shekara guda, da tukwicin karsana 50. Mai sa ya yarda. Manzanni suka sha suka yi tatul, suka ce da ya hana ma da ƙarfi za a karɓa. Magana ta koma kunnensa, ciniki ya watse, sai yaƙi. Mazan Ulster kuwa duk suna kwance da ciwo irin na naƙuda saboda bakin wata mata da aka tilasta wa tsere da dawakin sarki tana da tsohon ciki. Saura yaro ɗan shekara 17, Cú Chulainn, shi kaɗai ya tare mashigin rafi yana karawa da jarumai ɗaya bayan ɗaya, har da Fer Diad wanda suka koyi yaƙi tare kamar wa da ƙane. Da rana su sari juna, da dare su aika wa juna magani da abinci. Da ya kashe shi sai labarin ya bar zube ya koma waƙa, makoki yake rerawa a kan gawar. Haka salonsu yake, in magana ta yi nauyi sai baiti ya karɓa.

Goggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Shanun fa?" Na ce sun gwabza, ja ya kashe mai fararen ƙaho, shi ma zuciyarsa ta fashe. "Duk asara ke nan. Allah ya kyauta."

Da na tsaya nan da lafiya lau. Sai bakina ya ƙara da abin da ke cina tun safe. Ɗaya daga cikin kwafin labarin yana cikin kundin Leinster, na wajen shekarar 1160, a kan fata, yanzu yana jami'ar Trinity a Dublin. Malamin cocin da ya kwafe shi ya rufe da magana biyu. Da harshen Ayilan ya sa albarka ga duk wanda ya haddace labarin yadda yake bai ƙara masa komai ba. Sai ya juya zuwa Latin, harshen malamai, ya ce shi fa bai gaskata wasu abubuwan ciki ba: wasu ruɗin shaiɗanu ne, wasu ƙagen mawaƙa, wasu mai yiwuwa, wasu a'a, wasu kuma don nishaɗin wawaye. Na ce, "Goggo, mutum ya ɓata tawada da fatar maruƙa da idonsa, ya gama ya ce shirme ne? Ba munafunci ba ne wannan?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ke da karatunki. Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Ai shi ya faɗa da yarensu. Ka ba da labarinka, ka wanke hannunka, kowa ya je ya kwanta."

Na yi dariya har Auta ya leƙo. Kwana uku ina neman yadda zan yi wa ɗalibai bayani.

Dariyar ba ta daɗe ba. Na tuna rabon da in ji wannan ƙurunƙus ɗin a bakinta tun ina aji huɗu na firamare. Shekarar da ta fara zuwa islamiyyar matan aure ta daina mana tatsuniya, ta ce ƙarya ce, ba ta son ɗaukar alhaki. Shi wancan malamin ma tsoron alhakin ya ji, amma sai da ya rubuta har ƙarshe tukuna ya tsame kansa, ga ni bayan shekara sama da 800 ina karantawa da fitilar waya. Nata kuwa ba wanda ya rubuta. Ni ma ban rubuta ba. Na gwada tuno waƙar yarinyar nan da ta shiga cikin kabewa, ko ƙwarya ce ma, layi biyu kawai suka zo.

Na kunna rikoda a ɓoye na ce, "Goggo, ko guda ɗaya." Ta kakkaɓe zani, ta ce ta manta, in kai mata buta.

Ba ta manta ba. Ina jin ta ta taga tana gunguni da wata murya, kuma ba lazimi ba ne.

Caji saura kashi 6. Ban taɓa shirin darasin ba.