Kafin ku mayar da yara makarantar cata

Iyaye a Amurka, makarantar cata (charter school) ba ta kuɗi ba ce. Gwamnati ke biya, wata ƙungiya ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya, galibi ta shekara 5. In masu nema sun fi gurbi, ƙuri'a ake jefawa. A jihar New York galibi ana rufe karɓar takardun shiga ƙuri'ar ranar 1 ga Afrilu. Kada ku cire yaro daga tsohuwar makarantarsa sai gurbin ya tabbata a rubuce.

Ku tambayi yaushe yarjejeniyar za ta ƙare, don in ba a sabunta ta ba, rufe makarantar ake yi. Motar ɗaukar yara fa? Da yawa ba su da ita, kai da ɗauko ya koma kanku.