Abin da aikin Sharpe ya koya mini kafin na bar sutudiyo

Na ajiye aiki a sutudiyon fassara ƙarshen watan jiya, kuma waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya da su sun san ba albashi kaɗai ya kore ni ba. Maganar fassarar jerin finafinan Sharpe ce. Tunda har yanzu ana ba da labarin a karkace, gara in faɗe shi yadda ya faru, ko ya amfani yaran da ake ɗauka yanzu.

Faifan sun zo mana cikin kwali ɗaya, cikakken jeri, kuma ni aka danƙa wa rubutun fassarar kafin masu ɗora murya su shiga. Gidan talabijin na ITV a Biritaniya ne ya fara nuna shirin a 1993, daga littattafan Bernard Cornwell, Sean Bean ne ya fito a Richard Sharpe. Fim 14 suka yi zuwa 1997, kowanne kusan minti 100, sannan suka dawo da wasu biyu a 2006 da 2008 waɗanda aka ɗauka a Indiya. Labarin yana bin yaƙin da Ingila ta gwabza da sojojin Napoleon a Fotugal da Sifaniya tsakanin 1808 da 1814, ya ƙare a Waterloo ranar 18 ga Yuni, 1815.

Wanda ya kalli fim ɗaya zai ɗauka harbe-harbe ne kawai. Wanda ya zauna da su duka, kamar yadda aikin ya tilasta mini, zai gane cewa zuciyar labarin muƙami ne. A rundunar Ingila ta wancan zamani, sayen muƙamin hafsa ake yi da kuɗi, ɗan mai hali ya biya ya zama kyaftin ko bai taɓa jin ƙarar bindiga ba, kuma ba a soke wannan tsari ba sai 1871. Sharpe kuwa saja ne, ɗan talakawa wanda ya tashi ba gata, ya ceci ran Janar Wellesley a 1809 aka ba shi laftana a matsayin tukuici. Daga nan ya shiga tsaka mai wuya: hafsoshi suna ƙyamar cin abinci da shi, ƙananan sojoji kuma ba su yarda nasu ya shugabance su ba. Kowane mataki da ya hau, da jini ya saye shi. A Talavera ya ƙwace tutar mikiya ta Faransa, a Badajoz a 1812 ya haura ganuwa cikin gawarwaki, kuma shirin bai ɓoye cewa sojojin Ingila sun wawashe garin sun ci zarafin mutanensa bayan nasara ba. Ba za ka ji nauyin ganinsa laftanar-kanar a Waterloo ba sai ka bi shi tun yana saja. Don haka na tsara jadawali, shekara da shekara, wa ya shigo, wa ya mutu, muƙamin kowa a kowane faifai, na liƙa a bangon ɗakin ɗaukar murya.

Alhaji, maigidanmu, ya shigo ya duba jadawalin, ya ce a fara fitar da na Waterloo, don shi ne mai yawan dawaki da igwa, shi zai ja kasuwa. Sauran kuma a rage hirarraki a matse fim biyu-biyu a faifai ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, na Waterloo shi ne na goma sha huɗu. A cikinsa Hagman da Harris suke mutuwa, kuma su ne abokan tafiyarsa tun farko. In muka fara da shi, masu kallo za su ga matattu sun tashi a faifai na gaba." Ya ce, "Malam, kai tarihi ka karanta, ni kasuwa na sani. Yi abin da na ce." A gaban mai tacewa da masu murya biyu aka yi wannan magana. Ba wanda ya rubuta ta, ni ma ban nemi a rubuta ba, domin a wajenmu kalmar babba ta isa.

Abin da aka yanke ya fi ciwo. Hirarrakin da ya kira surutu su ne suke bayyana dalilin da ya sa Kanar Simmerson, wanda ya zubar da tutar rundunarsa saboda wauta ya kuma ɗora laifin a kan na ƙasa da shi, ya tsani Sharpe. Su ne suke nuna tsohuwar gabar da ke tsakaninsa da Saja Hakeswill. Da aka cire su, kisan da Hakeswill ya yi wa Teresa, matar Sharpe, ya zama kamar wani mahaukaci ne ya faɗo daga sama. Ga kuma Wellesley da aka sauya ɗan wasansa bayan fim biyu na farko, David Troughton ya tafi Hugh Fraser ya karɓa. A jere, mai kallo zai saba cikin minti kaɗan. A hargitse, sai mutane suka ɗauka janar biyu ne.

Diloli suka fara dawo da kaya, masu turawa a waya suka ce abokan cinikinsu suna ƙorafin ba a gane kan labarin. Ranar da aka tara mu, Alhaji ya ɗaga faifan ya ce fassarar ce ba ta yi ba, wai na cika ta da sunayen garuruwa da shekaru har na rikita mutane. Aka cire asarar bugun daga haƙƙina. Na dubi waɗanda suka ji umarninsa da kunnensu, kowa ya sunkuyar da kai. Ban riƙe su a zuciya ba, suna da iyali. Amma shi, wanda ya san gaskiya sarai ya zaɓi ya tozarta ni a gaban yaran da ni na koya musu aiki, har yau ban iya cewa na manta ba.

Shawarata ga mai shigowa wannan sana'a: duk umarnin da zai taɓa tsarin aiki, ka tura wa maigida saƙo a waya ka maimaita abin da ya ce, cikin ladabi, ka bar shi a ajiye. Ba rashin kunya ba ne. Ka kalli jeri gaba ɗaya kafin ka rubuta layi ɗaya. Ka zauna da mai tacewa, don almakashinsa na iya rushe aikin wata guda. Kada ka yarda a bar sunanka a baki, a sa shi a kwali tun kafin a buga. Masu murya a ba su ruwa da hutu.

Rubutun nan kuwa ina alfahari da shi, ko an ce bai yi ba. Na bambanta maganar hafsa ɗan gata da ta sojan da ya fito daga lungu, na ba Harper, saja ɗan Ayalan, harshen aminin da ke faɗa maka gaskiya ba tsoro, kuma wanda ya ɗora muryarsa ya ce bai taɓa jin daɗin karanta takarda irin wannan ba. Cikakken rubutun, ba yanke, yana cikin kwamfutar ɗakin tacewa tare da jadawalin. Duk wanda aka ba aikin a bayana ya fara daga na 1809, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har Waterloo, na Indiya biyun su zo a ƙarshe, kuma fim ɗaya a faifai ɗaya.