Yadda na bi hasashen yanayi a ƙarshen bazara kafin in shuka masara

Ina da 'yar gona a bayan Rigachikun kusa da garin Kaduna, a kan hanyar Zariya, kuma bana na ƙudurta ba zan jefa ƙwayar masara ko ɗaya a ƙasa ba sai ina bin hasashen yanayi tun daga watan Afrilu. Tsadar iri da taki ce ta kai ni ga haka. A da idan shuka ta ƙone, mutum ya buɗe rumbu ya ɗebo wani irin ya sake. Yanzu ingantaccen iri, kamar SAMMAZ ɗin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke fitarwa, ba abin da talaka zai zuba sau biyu ba ne.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashen damina gaba ɗaya a farkon shekara, ta faɗi lokacin da take sa ran ruwa zai sauka da lokacin ɗaukewarsa. Bayan wannan akwai na kwana uku-uku, shi ne nake dubawa a waya kowace safiya bayan na dawo daga masallaci.

Zafin Kaduna ya fi tsanani a Maris da Afrilu, ma'auni yakan haura digiri 35 da rana. Amma wajen ƙarshen Afrilu sai zafin ya sauya hali. Wanda ke busar da leɓe ya tafi, ya bar wanda ke sa gumi ya ƙi bushewa a jiki, dare ya yi mutum yana ta juyi a tabarma ko da a tsakar gida ya kwana. Iska mai laima ce daga tekun Atlantika ta fara ture busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Rana ta gasa ƙasa, iskar nan mai laima ta yi sama, zuwa la'asar sai hadari ya haɗo. Saboda haka zafin da muke kuka da shi, shi ne ke kawo ruwan.

Daga nan kusan kullum hasashen abu ɗaya yake cewa: za a yi zafi, kuma akwai yiwuwar tsawa da ruwa a sassan jihar Kaduna da rana ko da yamma. A nan na koyi abin da ya fi amfane ni. Jihar nan faɗinta ya wuce murabba'in kilomita 45,000, kuma Kafanchan da Kagoro sukan riga mu samun ruwa da makonni, mu kuma mu riga Makarfi da Ikara. Ko a cikin gari, sai a tafka ruwa a Kawo kamar da bakin ƙwarya, ɗan'uwana da ke Sabon Tasha ya ce ko yayyafi ba su gani ba. Hadarin bazara a tsittsinke yake zuwa, galibi daga gabas, ta wajen tsaunukan Filato, kuma iskarsa ta fi ruwansa yawa. Ranar da aka ce akwai yiwuwar ruwa bai sauka a gonata ba, na daina cewa hukuma ta yi ƙarya; ya sauka ne a gonar wani.

Da aka yi ruwan farko, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, wasu maƙwabta suka fito da fartanya da iri. Wani dattijo da muke iyaka da shi ya iske ni ina tona ƙasa da hannu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ya ka ga wannan ruwa?" Ya ce, "Ɗana, wannan na wanke ƙura ne. Tona ka gani." Laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, ƙarƙashinta ƙasa ce busasshiya mai zafi. Abin da ya faɗa ya zo daidai da ƙa'idar malaman gona, wadda ke cewa damina ta sauka ne idan an samu ruwa kamar milimita 20 cikin kwana biyu ko uku, kuma ba a biyo shi da dogon fari ba. Sai na samo gwangwani mai miƙaƙƙen baki na kafa a fili nesa da bishiya, ina auna abin da ya tara da rula. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya. Ruwan ya ɗauke na wani lokaci bayan haka, rana ta dawo da ƙarfinta, na ga tsiron da aka yi gaggawar shukawa yana nannaɗe ganye. Abin ya taɓa mini zuciya, don na san yadda aka yi wahalar haɗa kuɗin irin nan.

Inda hasashen ya fi yi mini rana shi ne tsara aiki da tsare rai. Ranar da aka ambaci tsawa da yamma, sharar gona da huɗa da safe muke yinsu, kafin azahar 'yan ƙwadago sun tashi. Feshin maganin ciyawa kuwa sai ranar da aka ce gari zai yi garau, don kada ruwa ya wanke kuɗina. A gida na sa kafinta ya bi kwanon rufi ya ƙara ƙusa, saboda iskar da ke gaban hadarin Mayu ita ce ke yaye rufin mutane kowace shekara.

Maganar aradu kuma ba na wasa da ita. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka idan walƙiya ta haska ka ƙirga bai kai 30 ba tsawa ta biyo baya, to hadarin yana cikin kilomita 10 da kai, kuma zai iya samunka. Na hana yarana fakewa a gindin mangwaro ko ɗorawar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona, duk da can ne ƙafa ke fara kai mutum. A shiga ɗaki ko mota a rufe, a jira kamar minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

A ƙarshen Mayu aka jera ruwa mai nauyi, gwangwanina ya haura milimita 20, na tona na iske laima ta kai taƙi guda, hasashen kwanakin gaba ma ya nuna ruwa na tafe. Washegari da sassafe muka shuka. Masarar ta fito bai ɗaya, alhamdulillahi. Yanzu abin da nake sa wa ido shi ne ɗan farin da kan biyo baya a Yuni, domin ba zan zuba takin farko ba sai ƙasa na da danshi kuma ba a sa ran ruwa mai ƙarfi a ranar.