Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwanciyar Gawa a Tsakar Gidanmu

A makon jiya na tsaya inda na dawo Kano daga Bangalore da kwalin karatun jinya, aiki bai samu ba, aure ya riga shi zuwa. Abin da ban faɗa muku ba, ban da kwalin akwai wata ɗabi'a da na kwaso wurin abokan kwanana Indiyawa, wato yoga, motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi. Su abin kakanninsu ne, har a shekarar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara. Ni kuwa ciwon baya ne ya kai ni.

A ɗaki nake abina bayan asuba, ƙofa a rufe. Wata safiya Hajiya surukata ta turo ƙofar neman ashana, ta iske ni a kan gwiwoyi da tafin hannu, na gantsare baya. Ta yi salati. "Ke 'yar nan, lafiya? Ko iska ce?" Na ce, "Hajiya, miƙa ce irin ta mage, maganin ƙugu." Ta tafi ba ta ce komai ba. Kwana uku tsakani sai ga ta da tabarmarta.

Haka aka fara. Kwata ɗaya kacal muke yi, kafin a hura wutar kunu. Wanda ya san matan gida ya san inda ciwonsu yake: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a durƙushe, goyo, ɗibar ruwa a rijiya. Duk baya ne da ƙugu. Don haka na zaɓi abu huɗu. Mu zauna kamar zaman tahiya, mu ja numfashi ta hanci muna ƙirga huɗu, mu sake shi a hankali. Sai miƙar mage. Sai wadda Indiyawa ke kira bhujangasana, a kwanta rub da ciki a ɗago ƙirji kamar gamsheƙa ta fasa kai. Wannan na hana ƙanwar maigida saboda tana da ciki. Mai hawan jini kuma ba na bari ta sunkuyar da kai ƙasa ta daɗe.

Kafin wata guda mun kai tara, har da maƙwabciyarmu mai markaɗe da Gwaggo ta bayan layi, wadda rabin zuwanta hira ce.

Akwai abin da na ajiye tun a can. Surya namaskar, wato gaishe da rana, jerin motsi goma sha biyu ne da asalinsa girmama rana, sai kuma furta "om" da suke yi a farko da ƙarshe. Ban taɓa yi ba, ban koyar ba. A ganina miƙa jiki daban, bauta daban, kuma wanda ya zauna da su ya san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Amma bakina ne ya ja mini. Ta huɗun cikin abubuwan da na zaɓa ita ce a kwanta rigingine, a saki jiki, a rufe ido minti uku. Ita kowa ta fi so, Gwaggo har minshari take. Rannan mai markaɗe ta ce, "Amarya, wannan kuma ya sunanta da Indiyanci?" Na ce shavasana. "Ma'ana?" Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Kwanciyar gawa."

Hajiya ta miƙe zumbur, gwiwar da take kuka da ita ko ƙara ba ta yi ba. "Gawa? Mu kike jerawa kamar an kawo mu makara? Allah ya tsari gatari da noma!" Ta naɗe tabarma. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, aka bar Gwaggo tana barci.

Kafin la'asar zance ya zaga unguwa, an ce amaryar gidan Alhaji tana koya wa mata addinin Indiya. Da daddare yayan maigida ya zo, ya tsaya a soro, ya ce shi ya ji ko a Malesiya majalisar fatawa ta hana Musulmi wannan abu tun 2008. Gaskiya ya faɗa, an yi haka. Ya ce gobe bayan magariba za a kai maganar gaban liman, kuma in zo da bakina.

Yadda muka kwashe da Malam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.