Gyaran tsofaffin motoci a Magazin ta Kumasi

Garejina yana Magazin, babbar unguwar makanikai da ke Suame, inda ƙarar guduma ba ta yankewa daga hantsi zuwa magariba. Abincinmu na yau da kullum Corolla ne da Sprinter da ƙananan motocin tasi, amma can ƙarshen rumfa na ware fili na mota uku don tsofaffin da masu su ke riƙe da su saboda sha'awa: Peugeot 504 da 404, Benz W123, Volkswagen Beetle, wani lokaci Land Rover. Masu kawo su iri biyu ne. Akwai wanda ya gaji ta mahaifinsa, ta yi shekaru a ƙofar gida a Aboabo ko Asawase har kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki. Akwai kuma wanda ya nemo ta da kuɗinsa, ya sayi sifanoni, ranar Asabar yana kwance ƙarƙashinta. Na biyun ya fi yawan tambaya, amma shi na fi jin daɗin aiki da shi, don motarsa ba ta zuwa mini a mace.

Kusan duk wanda ya shigo, maganar fenti yake fara yi. "Masta, so nake ta koma launinta na asali." Sai in ce, "Alhaji, bari mu ɗaga ta tukuna." Fenti shi ne aikin ƙarshe. Kumasi gari ne mai damina biyu a shekara, ga laima, kuma tsatsa daga ƙasa take farawa. A W123 ina duba wuraren da ake sa jek, da ƙarƙashin batir, da ƙananan ramukan da ruwan sama ke bi ya fita. In ganye da laka suka toshe su, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kafet ba wanda ya sani. Land Rover kuwa yaudara gare ta: jikinta na alminiyon ne, ba ya tsatsa, sai ka ga ta tsaf, alhali ƙarfen shasi ya ruɓe. Ina kuma bin jikin mota da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, foti aka cusa aka shafe da fenti, kuma wannan wurin sai an yanke an yi walda da sabon ƙarfe.

Bayan ƙarfe sai birki. Man birki yana shan laima ko mota tana tafiya ko tana ajiye, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Motar da ta daɗe a tsaye robobin birkinta sun bushe, ranar da aka fito da ita titi su fashe. Taya ma haka: zanenta na iya zama kamar sabo amma robar ta tsufa. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In lambar uku ce kawai, tun kafin 2000 aka yi ta, a cire.

Abin da mai mota zai iya yi a gida yana da yawa, kuma ni da kaina nake koya musu. Beetle ce ta fi sauƙin koyo. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto babu ruwa. Ba ta da filtar baƙin mai irin ta motocin yanzu, wani ɗan rariya ne kawai a ƙasa, don haka kowace kilomita 5,000 a sauke man, a wanke rariyar, a zuba lita biyu da rabi. A lokacin kuma a saita bawul, injin na sanyi, tazarar milimita 0.15. Wanda ya yi sakaci da wannan, bawul ɗin silinda ta uku ne ke fara ƙonewa, don ita ta fi ɗaukar zafi a tsofaffin samfurin. Fambel ɗaya ke juya janareto da fankar sanyaya injin, saboda haka in jar fitilar caji ta kama kana tafiya, tsaya nan take ka buɗe baya. Mutum ya ce bari in ƙarasa kasuwar Kejetia, kafin ya isa injin ya dahu.

Benz mai dizal tana da nata hali da ke tsorata sabon shiga. Ka kashe makulli, ka zare shi, injin na ci gaba da aiki. Ba aljanu ba ne. Iskar da ake zuƙewa ta ƙananan bututun roba ita ke kashe injin, ita ce kuma ke kulle ƙofofi. Da bututu ɗaya ya tsage, shi ke nan. A kan injin akwai ɗan hannu da aka tanada don haka, ka danna ya mutu, sannan a bi bututun ɗaya bayan ɗaya. Aikin haƙuri ne, ba na kuɗi ba.

Kayan gyara su ne ciwon kai. Na 504 da sauƙi, domin an fara harhaɗa ta a Kaduna tun shekarun 1970 aka ci gaba har bayan shekarar 2000, kuma kayanta na shigowa ta Legas da Lome. Abin da babu a Magazin mukan aika kasuwar kayan gyara ta Abossey Okai a Accra. Na 404 da ƙananan kayan ado, kamar gilashin fitilar baya da tambari, sai dai wani ɗan'uwa ya riƙo daga Faransa ko Jamus. Sauran kuwa a nan ake ƙera su: masu injin yankan ƙarfe su fitar da bushi, a yanka gaskit da hannu, a sake naɗa wayar kik. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙirar gida a birki ko sitiyari. Sitiyari ma akwai wata matsala: Ghana ta koma tuƙi a hannun dama a watan Agusta na 1974, kuma wasu motocin da suka riga wannan lokaci an juya musu sitiyari daga baya, wasu da kyau, wasu da walda mai ban tsoro. Irin wannan nakan kwance in gani da idona.

Ta fuskar ciniki, tsohuwar mota ba ta kawo kuɗi da sauri. Tana tare fili wata da watanni, kuma kana kwance abu ɗaya kana gano biyu. Don haka ba na yanke kuɗin aiki gaba ɗaya. Mataki-mataki muke yi, a rubuce: ƙarfe da walda, birki da ƙafafu, injin da waya, sannan kujeru da fenti, kowane a biya kafin a shiga na gaba. Duk abin da aka cire ana ɗaukar hotonsa a waya, a sa a leda a rubuta sunansa, don kusoshin da suka ɓace ba a samun irinsu a shago.

Yarana masu koyo sun fi son na'urar da ake jonawa a mota ta faɗi ciwonta, ban kuma hana su ba, don a can kasuwa take. Amma duk wanda ya shekara a wurina sai ya saita kafireto da kwantak na 504 da kunnensa. A yanzu akwai wata 404 a layi tana jiran gilashin gaba, mai ita ya ce ƙaninsa zai taho da shi daga Marseille bayan Sallah.