Godiya Bayan Walimar Saukarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar da ta wuce aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta ajin matan aure a Islamiyyar shiyarmu, nan Mabera cikin Sakkwato, kuma ina cikin waɗanda Allah Ya nufa da sauka. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wasu na amsa musu, wasu saƙonsu ya nutse ƙarƙashin na wasu, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda ba ya karatun boko, don Allah 'ya'yansa su karanta masa.

Zan fara da Malama, don ita ta fi kowa shan wahalarmu. Yawancinmu da allo da tawada muka taso, bakinmu ya saba da ƙira'ar Warshu tun muna yara, sai ga mu da girmanmu a gaban bugun Madina ana biya mana ƙira'ar Hafsu. Tun daga Fatiha aka fara fama: mu mu ce "maliki", ita ta ce a ja, "maaliki". Ni a wajen Yasin aure ya tsayar da karatuna, amma da na koma sai ta mayar da ni Nasi, ta ce gini ba ya tsayawa kan rubabben tushe. Na ji haushi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Izu sittin ba wasa ba ne ga mace mai goyo da girki da surukai, kuma duk ranar da wata ta ce girma ya zo, kanta ba ya ɗauka, amsar Malama ɗaya ce. Takan tuna mana cewa a garin nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, tana naɗa wa jaji, wato shugabar tawaga, malfa da jan rawani, jajin ta jagoranci mata daga ƙauyuka su tako da ƙafa neman karatu, kuma da yawansu sun haifa sun aurar. Nana ta rasu a 1864, kabarinta yana nan Hubbare kusa da na mahaifinta. "To ku da agwagwa da buje, keken nan mai ƙafa uku, ke sauke ku ƙofar makaranta," in ji Malama, "mi za ku ce?" Ba mu da ta cewa. Malama, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna, Ya jiƙan mahaifanki.

Maigida, na gode. Ka biya kuɗin makaranta ba tare da na tuna maka ba, ka ci tuwo a makare ba ka yi magana ba, wani lokaci ma ka sayo masa a hanya ka ce ita kake marmari, alhali na san don ka sauƙaƙa min ne.

Sai Yaya, uwargidana. Na san akwai masu karanta wannan suna murmushi, suna cewa daɗin baki ne na ranar walima. To su yi ta yi. Ita ta riƙa karɓar min girki duk lokacin jarabawa, ita ta riƙe min autana a watannin zafin nan na Maris da Afrilu da ko babba ba ya iya zama a aji, balle jariri. Ranar walima kuwa tun asuba tana bakin murhu, ko wajen taron ba ta samu zuwa ba sai da aka kusa tashi. Yaya, ban da abin biyanki.

Babbar 'yata ita ce mai karɓar min tilawa da dare. Yarinya ce mai kunya, amma idan na ci gyara ba ta ɗaga min ƙafa ko kaɗan. Allah Ya yi miki albarka, Ya nuna min taki saukar.

Yanzu bari in zo kan kyaututtuka, don a nan ne na fi son in daɗe. Waɗanda suka kawo atamfa da kuloli da kuɗi a ambulan, wallahi na gode, kuma kowanne ya yi min amfani. A wannan tsadar duk wanda ya cire wani abu daga aljihunsa ya ba ka, ya ƙaunace ka. Amma akwai wasu kaya da na jera a ɗaki na kasa daina kallo, su ne waɗanda aka yi da hannu.

Inna ta yo min nakiya. Mun hana ta, mun ce ga masu yi na sayarwa, ta huta da ciwon bayanta. Ta ce, "Ɗiyata, ba a kai ma mai sauka abin kasuwa. Wagga ni ka daka ta." Wanda bai taɓa ganin aikin nakiya ba ba zai gane abin da maganar nan ta ɗauko ba. Shinkafa ce za a wanke a shanya, a mayar gari, a soya shi a hankali har ya yi ƙamshi ba tare da ya ƙone ba, sannan a koma turmi da sukari da soyayyen man shanu da citta da kanumfari da masoro, a yi ta kirɓa har ta kama jikinta tana sheƙi. Jikokinta sun karɓe ta da taɓarya, amma ita ke zaune gaban turmin tana sa hannu tana cewa da saura. Da na buɗe kwanon na ga sawun yatsunta a saman inda ta danna ta lallaɓe. Har yau ban bari an taɓa wannan gefen ba, ta ɗaya gefen muke ɗiba.

Kawu kuma, da yake baduku ne a cikin tsohon gari, gafaka ya ɗinka min. Fatar jar akuyarmu ce, wadda aka jeme da bagaruwa, irin wadda tun zamanin fatake ake ketare Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasar nan ta fito. Ja ce, da ado baƙi da kore a murfin, da igiyar ratayawa tuƙaƙƙiya. Ashe tun bara ya aiko yaro ya auna Alƙur'anina da zare a ɓoye. Wani baƙo ya gan ta a rumfarsa ya taya, Kawu ya ce masa, "Wagga ba ta saidawa ba ta." Idonsa ya fara rauni, ɗinkin wani gefen bai miƙe sosai ba, kuma ni wannan gefen na fi so.

Ƙanena ya yi min zayyana a allo, Fatiha da farkon Baƙara, wanda na karanta a gaban jama'a murya na rawa. Maƙwabciyata ta haɗa min turaren wuta cike da kwalba, ta ce sai ya kwana biyu a rufe kafin in fara sawa. Gwaggo ta aiko daga Wurno da daddawa da yajin tafarnuwa, da saƙon cewa ƙafa ce ta hana ta zuwa. Akwai kuma wata yarinya 'yar ajin ƙasa, marainiya, da ta miƙo min ɗan faifai da ta saƙa da kanta, ta ruga kafin in buɗe baki. A kan kofin furata yake yanzu. Duk waɗannan mutane lokacinsu suka ba ni, kuma ni na san tsadar lokaci, tun da rancensa na yi ta yi a wajen mutane har na kai ga wannan sauka.

Washegari Lahadi 'yan ajinmu suka ce ba za a watse haka nan ba. Mun daɗe muna zuba ɗan adashi don wannan rana, sai muka nemi izini a gidajenmu muka ɗunguma Kwalkwalawa, can kan hanyar jami'a, cin kifi. Rabona da hanyar jami'ar nan tun ba a daɗe da ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke ta. Muka zaɓi tarwaɗa da karfasa suna motsi, aka yi ciniki irin na matan da suka san kasuwa, aka gyara aka soya mana. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwa, ga yaji, ga albasa, ga furar da wata ta damo tun daga gida da nono mai kauri. In faɗi gaskiya, karfasar ta fi. Tarwaɗar mai ya yi mata yawa, a miya ta fi kyau. Ba wanda ya bar ko ƙaya duk da haka.

A nan ne wata ta kawo zancen buri, ta ce kowa ta faɗi abin da ya rage mata. Ɗaya tana son komawa Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta ƙarasa karatun da haihuwa ta katse mata. Ɗaya firji mai aiki da hasken rana take so, ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo lokacin azumi. Wata ta ce hadda za ta shiga, muka yi mata kabbara. Babbarmu, wadda muke kira Hajiya ko da yake ba ta je ba tukuna, ta yi shiru har muka zaci ba za ta yi magana ba, sannan ta ce, "Ni dai in karanta saƙon ɗiyana ga waya da kaina." Nan take biyu daga cikinmu suka ɗauki nauyin koya mata boko bayan la'asar.

Nawa burin ba mai yawa ba ne. Tun ina amarya na rubuta abu uku a bayan wani littafin lissafi: sauka, keken ɗinki nawa na kaina, da ganin Ka'aba. Na farko ya samu. Keken ina tarawa, kuma kuɗin da kuka ba ni a ambulan can suka nufa, don ku san inda alherinku ya tafi. Na ukun yana hannun Mai kira, ku taya ni da addu'a.

Ina neman afuwar duk wanda ya zo bai samu abinci ko wurin zama ba. Jama'a sun fi yadda muka zata, kuma masu rabo yara ne. Na gode wa samarin shiya da suka kafa rumfa suka kwashe kujeru, da 'yan kabu-kabun bakin layi da suka yi ta jigilar tsofaffi, wasu ma ba su karɓi ko sisi ba.

Akwai kula biyu marasa suna da wani mayafi ruwan toka da aka mance a gidanmu, mai su ta aiko a karɓa. Sabon ajin matan aure kuma zai fara bayan Sallah, Malama ta ce ko wadda ba ta san alifi ba ta zo.

Allah Ya bar zumunci, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalam.